Ku Tambaya Mu Amsa: Mai keke da titunan Sakkwato

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa a wannan fili. Makon nan saƙonni da yawa maganar keke suka zo da ita, kuma ban yi mamaki ba. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin kabu-kabu ya tashi, kekunan da suka yi shekaru jingine a zaure ƙura ta rufe su aka fiddo su aka kai wa mai gyara ya sa taya ya ɗiga wa sarƙa baƙin mai, yanzu in ka tsaya bakin titin Ahmadu Bello da safe za ka ga malamin makaranta da ma'aikaci da ɗan kasuwa kowa na murza feda. Ni ma da keke nake zuwa aiki, don haka maganar nan ina cikinta tsundum.

TAMBAYA: Malam don Allah ka raba mu gardama. Tun ina yaro babanmu ya koya min in ina bisa titi in riƙa fuskantar motoci don in ga abin da ke tahowa, haka nake yi har yanzu da kekena. Jiya wani mai mota ya leƙo ya balbale ni da faɗa wai ina bin wanwe. Ni ko na ga gara in ga mota da idona da ta zo ta bayana ta kwashe ni ban sani ba. Wa ke da gaskiya tsakanina da shi?
Daga wani ɗalibi, Mabera

AMSA: Ɗan'uwa, Baba bai koya maka ƙarya ba, sai dai karatun mai tafiya ƙasa ya ba ka. Mai tafiya da ƙafa a titin da ba shi da gefen tafiya shi ake cewa ya fuskanci motoci, saboda in ya ga abu na zuwa taku ɗaya zai yi ya sauka daga kwalta. Kai kuwa da zarar ka ɗora ƙafa a feda ka zama mai abin hawa, hannun da mota ke bi shi ne naka. A Najeriya tun ranar 2 ga Afrilu 1972 aka koma tuƙi a hannun dama, to gefen dama na titi, kana tafiya inda motoci suka dosa, nan ne wurinka.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce mota na gudun kilomita 50 a awa kai kana 15. In hanya ɗaya kuka dosa, da kilomita 35 take cim maka, direba na da lokacin da zai hango ka ya rage ya kauce. In kuwa fuskantarta kake, gudunka da nata haɗuwa suke su zama 65, kusan ninki biyu ke nan, lokacin taka birki ya ragu, in an yi karo kuma ƙarfin bugun ya fi. Ganin motar da kake taƙama da shi ba zai amfane ka ba in gefenka lambatu ne ko motoci a fake, za ka gan ta amma ba inda za ka.

Abin da ya fi wannan muni shi ne bakin lungu. Duk direban da zai fito daga lungu ya hau babban titi hagu yake kallo, don daga nan motocin hannunsa ke zuwa, ba ya tsammanin komai daga dama. Akwai wata safiya da har yau ba ta fita raina ba. Wani dattijo ya ɗauro damin alayyafo da ƙaramin kwandon tumatir a kariya, yana tahowa ta hannun da ba nasa ba, a hankali wallahi, ba gudu yake ba. Wata baiwar Allah za ta fito da mota daga lungu, ina tsaye ina kallon kanta, gaba ɗaya ta karkata hagu tana jiran hanya ta yi sarari, tana samun sarari ta saki birki. Tayar gaban keken nan ta lanƙwashe ta yi takwas, tumatir ya watse cikin kwata, dattijo na zaune a ƙasa riƙe da gwiwa jini na bin wandonsa, ita kuma tana kuka tana rantsuwa ba ta gan shi ba. Na yarda da ita. Ba ta duba inda yake ba don ba wurin da ya kamata a same shi ba ne. Allah ya taƙaita abin bai zo da karaya ba, amma kayan da zai kai kasuwa ranar sun tafi.

Tsoron da kake ji na abin da ke bayanka tsoro ne na gaskiya, ban raina shi ba, ni ma in na ji ƙugin tifa a bayana gabana na faɗuwa. Maganinsa ka je fili ranar da ba ka da makaranta ka koyi waiwaye ta kafaɗar hagu ba tare da kan keken ya karkace ba, ka yi ta yi har jikinka ya saba. Ka sa wa keken ƙaramin madubi a hannun hagu. Kuma kar ka manne da bakin kwalta ƙwarai, can ne rairayi ke taruwa da fasassun kwalabe da lambatun da ba murfi, ka bar kamar taku ɗaya tsakaninka da baki, ka riƙe layinka ɗoɗar. Mai keken da ke tafiya miƙe direba ya san yadda zai wuce shi, wanda ke shiga yana fita tsakanin motocin da aka faka shi ne ke rikita mutane.

Na kuma san dalilin da ya sa da yawanmu ke bin wanwe, ba koyarwar Baba ba ce, nisan mahaɗa ne. Titi mai hannu biyu da aka raba tsakiya, inda za ka ga shi can tsallake kana hango shi, amma sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka samu wurin juyawa, ga ranar Sakkwato ta watan Afrilu da ke haura digiri 40. In haka ta kama, sauka ka tura keken ka tsallaka da ƙafa. Kana turawa ka koma mai tafiya ƙasa, karatun Baba ya dawo yana aiki a kanka.

TAMBAYA: Wai danja ta shafi mai keke ne? Ni dai na ga ba ni da lamba ba ni da lasin, kuma ban taɓa ganin an kama mai keke ba.
Daga wani tela, Tudun Wada

AMSA: Ta shafe ka malam tela, haka ma umarnin jami'in da ke ba da hannu in wutar ba ta aiki. Rashin lamba ba ya fitar da kai daga cikin masu amfani da hanya, ita hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, da aka kafa a 1988, aikinta ya haɗa da kowa da ke bisa titi. Amma ka ajiye maganar kamu gefe. In ja ta tsayar da kai, kore ce ta saki waɗancan, kuma ka san yadda 'yan kabu-kabu ke fizga da an sake su, kowa na son ya riga kowa. Mutumin da aka ba hannu ba ya neman mai keke a tsakiyar mararraba.

Tunda ka taɓo wannan bari in haɗa maka da shataletale, don nan ne na fi ganin masu keke na ruɗewa, musamman wurare masu cunkoso irin shataletalen Dandima. Wanda ya riga ya shiga ciki shi ke da hanya, kuma daga hagunka zai ɓullo, to nan za ka duba kafin ka shiga. Ka zaga yadda motoci ke zagawa, da'irar tsakiya tana hagunka, kar ka yanke ta baya don wai inda za ka fita ya fi kusa ta can. Kafin ka fita ka miƙa hannun dama a gani. Haka ma a ko'ina, za ka juya hagu ka waiwaya tukuna sannan ka miƙa hannun hagu sosai, ba ɗan kaɗa yatsu a gefen cinya ba, hannunka shi ne siginarka. In shataletalen ya fi ƙarfinka ranar, ba abin kunya ba ne ka sauka ka tura ta gefe, ni akwai lokutan tashin kasuwa da nake yin haka.

TAMBAYA: Malam ni direba na, na daɗe ina tuƙin babbar mota, siminti nika ɗaukowa Kalambaina. Abin da ka tada min hankali yaran ga da ka riƙe bayan mota suna bisa keke don ta ja su, da waɗanda ka kutsowa gefena in zan sha kwana. Wallahi ba ni ganinsu. Ku ja musu kunne tun ba a ɗora muna alhakin rai ba.
Daga wani dattijo direba, Arkilla

AMSA: Baba direba Allah shi saka muku da alheri, Allah shi tsare ku bisa hanya. Kun faɗi abin da na daɗe ina son wani mai tuƙin babbar mota ya faɗa da bakinsa, don in mu muka faɗa sai a ce tsoro ne.

'Yan'uwana masu keke ku saurara. Direban tirela a hagu yake zaune, sama can, mu kuma a damansa muke tafiya ƙasa-ƙasa, daidai wurin da idonsa ya fi kasa kaiwa. Gaban hancin motar ma akwai inda ba ya gani, bayanta kuwa ba a magana. In ka ɗaga kai ka duba madubinsa ba ka ga fuskarsa ba, to shi ma bai gan ka ba. Sannan ga tarkon da ke cin mutane: tirela in za ta juya dama sai ta fara buɗewa hagu don ta samu wurin juya jikinta, sai wani sarari ya buɗe a damanta, mai keke ya ga hanya ta samu ya danna ciki. Kan motar ya juyo, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, ciki suke yankowa, su share duk abin da ke cikin wannan sararin. Ba a shiga tsakanin babbar mota da bakin titi kusa da kwana, ko tana tsaye. Ka tsaya bayanta da tazara ta gama juyinta.

Riƙe bayan mota kuwa, ya kamata duk babba da ya ga yaro na yi ya tsawatar ko ba ɗansa ba ne. Hannu ɗaya a ƙarfen mota, ɗaya a kan keke, ba ya ganin ramin da ke gaba don motar ta tare, direba na taɓa birki fuskarsa ce a jikin bodi.

Amma Baba tunda kun buɗe ƙofa, ku ba ni dama in aika saƙo ta hannunku zuwa ga 'yan'uwanku direbobi, manya da ƙanana har da masu keke napep. Mai keke ba jikin mota ke kare shi ba, rigarsa ce kawai tsakaninsa da kwalta. In za a wuce shi a ba shi fili, iskar babbar mota kaɗai tana iya jefar da mutum. A daina zuwa dab da ƙeyarsa sannan a danna hon, firgita ke sa shi karkacewa cikin titi, in za a yi a yi tun daga nesa. Wanda ya faka mota ya duba madubi kafin ya buɗe ƙofa. Mai napep da ya hango fasinja ya daina yanko gaban mai keke ya tsaya cak. Da yawan waɗanda kuke gani bisa keken nan magidanta ne da iyali ke jira su kawo cefane.

TAMBAYA: Yarona shekararsa 11, babansa ya saya masa keke, yanzu ya dame ni sai dai in bar shi ya riƙa zuwa Islamiyya da shi, kuma sai ya tsallaka babban titi. Hankalina bai kwanta ba. In bar shi?
Daga wata uwa, Gawon Nama

AMSA: Hajiya rashin kwanciyar hankalinki na da dalili. Iya hawa daban, iya titi daban, yaro na iya sakin hannu biyu a lungu amma bai iya auna gudun motar da ke tahowa ba. Ni shawarata kar ki ce a'a kai tsaye kuma kar ki sake shi haka nan. Babansa ko yayansa ya bi shi hanyar kwana da kwanaki, yana baya yana kallo. A duba in ya zauna a sirdi ƙafarsa na taɓa ƙasa, don keken da ya fi ƙarfin yaro, irin wanda sai ya zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda yake tuƙawa, ba na titi ba ne. A duba yana iya tsayawa cak in an ce tsaya, yana iya miƙa hannu ɗaya keken bai yi rawa ba. Babban titin kuma a kafa masa doka, sauka zai yi ya tura, ya duba hagu ya duba dama ya sake duba hagu, a wuri ɗaya da aka zaɓa masa kullum. Ban da goyon aboki, don da an fito Islamiyya sai ki ga uku a keke ɗaya, ɗaya a sanda ɗaya a kariya, birkin da aka yi don mutum ɗaya ba zai tsayar da su ba. In da hali a saya masa hular kwano daidai kansa a riƙa ɗaure igiyar. Za a yi masa dariya kwana biyu a unguwa, ki ƙarfafa masa gwiwa, hannu in ya karye ana ɗori, kai ba a ɗora shi. In an gwada an ga bai kai ba, ya ci gaba da hawa cikin unguwa zuwa baɗi.

TAMBAYA: Aikin gadi nake, bayan magariba nake fita in dawo da asuba. Kekena ba fitila amma ni ina ganin hanya sarai. Dole ne sai na saya?
Daga wani maigadi, Runjin Sambo

AMSA: Dole ne malam. Kai kana ganin mota don tana da wuta, ita me za ta gani a jikinka? Mutum cikin tufa mai duhu bisa baƙin keke a titin da ba fitilu, sai an zo dab da shi yake bayyana, balle lokacin hunturu da hazo ke sauka gari a Disamba da Janairu. Farar fitila a gaba, ja a baya, haka tsarin yake, kar ka juya su don za a ɗauka tahowa kake alhali tafiya kake. In kuɗin fitilar keke bai samu ba yanzu, ƙaramar tocila mai caji ka ɗaure ta da roba a kan keken tana kallon ƙasa kaɗan don kar ta kashe wa na gaba ido, a baya kuma ka liƙa jan sitika mai ƙyalli irin wanda ake liƙa wa manyan motoci a madigadi da bayan kariya. Rigar nan mai ƙyalli ta masu aikin titi ma tana taimakawa sosai, ka ɗora bisa kayanka. Ka kuma ajiye lamba 122 a wayarka, layin gaggawa ne na hukumar kiyaye haɗurra, Allah ya sa ba za ka buƙace ta ba.

TAMBAYA: Ina sa iyafis ina sauraren karatu in ina tuƙa keke, ba waƙa ba ce. Akwai laifi?
Daga wani matashi, Minanata

AMSA: Allah ya ƙara son karatu, amma ka cire. Kunnenka ne ke gaya maka abin da ke bayanka tun kafin ka waiwaya. Karatun ma ya fi cancantar ka zauna ka ba shi hankalinka duka. Waya in ta yi ƙara ka gangara gefe ka tsaya ka amsa.

TAMBAYA: Ɗana, mu tsofaffi mun shiga uku da yaran da ke gudu da keke cikin lungunan cikin gari. Shekaranjiya ina dawowa daga gaisuwar rasuwa wani ya goge ni ta baya sai da na dafa bango, ko waiwayowa bai yi ba. Ba ƙararrawa ba sallama.
Daga wata dattijuwa, Ƙofar Rini

AMSA: Inna sannu, Allah shi ƙara lafiya, Allah shi sa iyakar abin ke nan. Wallahi na ji zafin wannan saƙo, don mu masu keke kullum kukanmu masu mota sun raina mu sun matse mu, ashe da mun shiga lungu mu ne masu motar, abin da ake mana shi muke yi wa wanda ya fi mu rauni. Lungunan cikin gari tun kafin zuwan keke aka yi su, don ƙafa da jaki da raƙumi, ƙofofin gidaje a bakin hanya suke, yaro ɗan shekara uku na iya fitowa daga zaure a guje ba sanarwa, ga makafi, ga mai tallar fura da ƙwarya a ka, ga mai kurar ruwa da ba ya iya tsayawa nan take. Gudun da ya dace a nan shi ne wanda in an ce ka tsaya za ka sa ƙafa ƙasa a take.

Kuma abin nan addini bai bar shi ba. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ke bisa abin hawa shi ke fara yi wa mai tafiya ƙasa sallama, kuma cikin haƙƙoƙin hanya da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa akwai kamewa daga cutar da mutane. To ga mai keke sallamar ma aiki biyu take yi, ga lada ga sanarwa. Ka hango dattijuwa a gabanka, tun da sauran tazara ka rage gudu ka ɗan taɓa ƙararrawa sau ɗaya ka yi sallama, ka ba ta lokaci ta gane ta wane gefe kake, don babba ba ya juyawa da sauri kuma wani kunnen ya yi nauyi. In lungun ya matse ka sauka ka wuce ta da ƙafa ka gaishe ta. In kuma tsautsayi ya sa ka taɓa mutum, tsayawa ake a duba shi a ba shi haƙuri.

Inna in kun gane yaron ko gidansu, ku sa a gaya wa mahaifinsa ko mai unguwa, ba don a doke shi ba, don a zaunar da shi a kuma duba keken. Sau da yawa irin yaran nan in ka kama kekensu ka matsa birki sai ka ji hannun ya tafi har ƙarshe ba abin da ya kama, robar ta cinye tuntuni da silifas suke tsayawa, ƙararrawa kuwa tun ranar da aka sayo ba a sa ba. Mai gyaran keke na bakin kasuwa zai canza robar birki gaba da baya ya ɗaura ƙararrawa kafin uban ya gama shan shayi.

Masu tambaya kan ɗaukar buhun albasa da jarkokin ruwa a keke, na ga saƙonninku, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.